Ranar da Apo Rozi Ya Buga wa Beyar Tukunya

Ni Fida, shekara goma sha huɗu ina tuƙa jif daga garin Skardu zuwa tudun Deosai, ina kai baƙi kallon beyar, ƙatuwar dabbar dawan nan mai gashi da farata, kuma duk cikin masu ja-gorar da na ɗauka babu wanda ya ƙona min rai kamar Apo Rozi. Tsoho ne ɗan ƙauyenmu, gajere, mai ƙafar baka. Taurin kai kuwa, jaki ma ya sallama masa. Ba ya amsa gaisuwar safe sai ya sha shayin gishiri kofi uku. Amma yau in aka ce in nuna namiji, wallahi shi zan nuna.

Makiyayi ne tun tasowarsa. Da zarar ƙanƙara ta narke yake hawa tudu da tumakin ubansa, ba ya sauka sai ta dawo. A can ya san beyar. Da masu kawo baƙi suka fara neman wanda ya san ramukan dutse da hanyar iska, sai aka nuna musu shi, ya yar da sandar kiwo ya kama ja-gora.

Aikinsa yana da dokoki, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Kafin a fita sai ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya yana sansana su. Wanda ya shafa turare, ya koma tanti ya wanke.

"Gaya wa wannan," zai ce min, don ni ne tafinta, "ango ne shi? Ba ɗakin amarya za mu ba."

Ni kuwa sai in ce wa baƙon, tsoho yana roƙon alfarma. Haka na yi shekaru ina tace zagi. In an kama hanya, zai ɗebi garin sha'ir daga aljihu ya saki kaɗan, ya ga inda iska ta kai shi, sannan ya bi da mu ta inda warinmu ba zai riga mu isa ba. Ba tari, ba hira. Kuma bai taɓa yi wa kowa alkawarin gani ba. Cewa yake beyar ba matarsa ba ce da zai ƙwala mata kira ta fito.

Akwai wata macen beyar mai farin gashi zagaye da wuya, yana ce mata Mai Sarƙa. Shekara tara yana bibiyarta, har ta kai yana zama taku ɗari daga inda take, tana tonon gafiyar tudu, tana shayar da 'ya'yanta, ko kallo bai ishe ta ba. Shi kaɗai ta yarda da shi haka. Na tambaye shi sirrin, ya ce, "Ban taɓa ba ta ba, ba ta taɓa roƙona ba. Shi ya sa muke mutunci."

To, bara waccan mai kamfanin da muke yi wa aiki ya tsufa, ya miƙa wa ɗansa Shafkat. Yaro ya yi karatu a birni, ya dawo da baƙin gilashi da dabara. Ya rubuta a tallarsa cewa duk wanda ya zo sai ya ga beyar, babu makawa. Sai ka ce shi ya halicce ta!

Muka hau da baƙi shida. Kwana huɗu muna taka sayyada, ƙafa ta yi bororo, ko kashin beyar ba mu gani ba. Baƙi suka fara ɗaure fuska. Ran na biyar Shafkat ya aike ni gari, na dawo da buhu: kayan cikin akuya, kawunan kifi, da gwangwanin zuma. Na san abin da za a yi da shi tun a hanya, na yi shiru, don 'ya'ya biyar gare ni. Har yau ina jin kunyar shirun nan.

Apo Rozi ya ji warin tun kafin in kashe mota.

"Wannan fa?"

"Ɗan toshi ne, Apo," in ji Shafkat yana dariya. "A bakin rafi za a zuba, beyar ta zo ta ci, a ɗauki hoto, kowa ya huta."

"Ɗana, saurara. Sabo turken wawa ne. Ran da ta ci a gaban tanti, ta gane tanti abinci ne. Mu za mu tafi, ita tana nan. Gobe tantin makiyaya za ta nufa da 'ya'yanta, su kuwa karnuka gare su da bindiga. Beyar uku na gani da idona an kashe su ta wannan hanyar. Ba abinci za ka ba ta ba, kabari za ka haƙa mata."

"Apo, da girmanka kake wannan tatsuniya? Sau ɗaya ne fa. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

"Askin na yi shekara ashirin ina yi. Yanka ne ba zan yi ba."

Shafkat ya ɗauki buhu da kansa ya juye a bakin rafi. Bayan la'asar ya jera baƙi a bayan dutse da manyan kyamarorinsu. Ba a jima ba kuwa sai ga Mai Sarƙa tana gangarowa, hanci a sama, 'ya'ya biyu suna tuntuɓe a bayanta. Na waiga in ga tsoho, babu shi.

Ashe tantin girki ya shiga. Sai ga shi ya fito da babbar tukunyar shinkafa da ludayin ƙarfe. Mutumin da yake harararka in ka haɗiyi miyau da ƙarfi, shi ne ya nufi rafi yana dukan tukunya, ƙwal! ƙwal! ƙwal! yana ihu iya wuyansa.

"Koma, 'yar banza! Koma, makwaɗaiciya! Mu ba mutanen kirki ba ne!"

Ta tsaya. Ta miƙe a kan ƙafa biyu tana kallonsa, ba gudu ba faɗa, don ta san shi. Nan ya ajiye ludayi ya duƙa ya ɗauki dutse. Ya jefe ta, ya same ta a kafaɗa, ya ƙara. Sai ta yi wani irin gurnani, ta juya, ta kora 'ya'yanta suka haye tudu.

Shafkat kamar zai ci babu. "Na kore ka! Tsohon banza, ka gama aiki a tudun nan!"

"Aikin naka ne, riƙe abinka," in ji Apo Rozi. "Tudun kuwa ba gadon ubanka ba ne. Tukunyar nan ma ka cire a ladana."

Ya kwashe ƙazantar ya ƙone, ya rungumi tukunya ya tafi wajen makiyaya. Magana ta kai ga hukuma, aka ja wa Shafkat kunne, shi kuma ya bi sauran kamfanoni yana ɓata tsoho, cewa ya taɓu. Babu wanda ya sake ɗaukarsa. Matarsa ta yi faɗa, 'ya'yansa suka ce ya zauna a gida ya yi renon jikoki. Ko gezau. Ƙanƙara na narkewa ya kafa ɗan tantinsa a ƙetaren rafi, daidai inda yake hango masaukin baƙi, ba wanda ya sa shi, ba wanda yake biyansa. Duk beyar da ta doso tanti, tukunya za ta ji.

Watan jiya na kai masa gari da ganyen shayi. Muna zaune sai ga Mai Sarƙa can a kan tudu, nesa ƙwarai, 'ya'yan sun zama samari. Tsoho ya daina motsi. Iska ta juya daga wajenmu zuwa wajenta. Ta ɗaga kai sau ɗaya, ta zura da gudu, su ma suka bi ta.

Raina ya ɓaci, na ce, "Apo, shekara tara fa. Yanzu warinka kawai take ji ta gudu. Ba ya yi maka ciwo?"

"Yana yi mana. Ni dutse ne? Kullum sai ya yi." Ya goge ido da bakin hularsa. "Idona ya yi rauni, Fida. Nawa ka ga sun gudu?"

"Uku."

"Ka ƙirga da kyau?"

"Uku ne, Apo. Ita da 'ya'yan duka."

"To, su yi ta gudu," in ji shi.