Ajiyar Azahar

Ƙaurin waya ne ya tarbe mu da safe. Tsawar jiya ta ƙona sabar ɗan asibitin da nake aiki a Kazaure, wato babbar kwamfutar da bayanan marasa lafiyarmu suke ciki.

Ga wani dattijo mai ciwon suga ya hawo babur tun daga Roni, yana zaune a benci. Akwai maganin da ya taɓa kumbura masa jiki, shi bai riƙe sunansa ba, likita kuma ya ce ba zai rubuta magani da ka ba.

Nan take na kira ƙanwata Hadiza, wadda ta haɗa mana tsarin. Na ce, "Hadiza, komai ya tafi."

Ta ce, "Yaya, jiya kun yi sallar azahar?"

Na ce, "Ke! Ina cikin tashin hankali kina min wasa?"

Ta yi dariya ta ce, "Ai kullum kuna fita alwala, sabar take kwafe komai da kanta ta tura ma'ajiya a intanet. Wasu da tsakar dare suke saitawa, amma ku batirinku ba ya kai isha'i. Da azahar kuwa rana na dukan sola, kuma ba mai taɓa kwamfuta."

Kafin hantsi ta sauko da komai a kwamfutar likita. Sunan maganin yana nan daram.

Ashe muna sahu, inji ma yana can yana riƙon amana. Allah Ya yi miki albarka, Hadiza.

Ku fa, in tsawa ta faɗo yau, ina kwafin naku yake?