Haggai na Daddara, Wanda Indiyawa Ke Kira Idan Sun Yi Rashi

Haggai Elkana ya ajiye aiki, kuma ba a sami wanda zai gaje shi ba. Ranar Lahadin da ta gabata ya shaida wa iyalan Indiyawa bakwai da suka zo gaishe shi a gidansa da ke Daddara, ƙaramar hukumar Jibiya, cewa gwiwa ta ƙi, ya bar ɗaukar gatari. Shekara talatin da takwas ke nan, duk Ba'indiyen da aka yi wa rasuwa tsakanin Katsina da Maraɗi, Haggai yake fara kira.

Manomi ne. Da sassafe yakan duba tumakinsa, ya saɓa fartanya ya nufi gona. Kafin ya taɓa shuka sai ya ratsa ta kusurwar gabas, inda ya killace wani fili da bi-ni-da-zugu. Ba a noma wurin. Ya share shi, ya leƙa rumfar da ya jera busasshen marke, ya juya itacen saboda gara. Mabiya addinin Hindu ba sa binne mamatansu. Ƙonawa suke yi, su kwashe tokar su kai kogi a ƙasarsu. Wannan fili saboda su ne.

Abin ya fara ne a bazarar 1987, lokacin da Indiyawa ke koyarwa a makarantun sakandare da yawa na yankin. Wani malamin lissafi, Mista Menon, wanda Haggai ke kai wa gidansa ƙwai da nono, ya faɗi a cikin aji, ya rasu. Zafi ba ya barin gawa ta jira jirgin zuwa Indiya. Matarsa da ɗansa suka nemi wurin da za su yi masa abin da addininsu ya ce, duk wanda suka tunkara sai ya kawar da kai. Haggai Kirista ne, amma mahaifinsa a kan addinin gargajiya ya mutu, a bakin gona suka rufe shi su kaɗai. Ya ce da su, "Ku zo gonata."

Ranar ce ya yi kuskuren da har yau yake ba da labarinsa. Da wuta ta mutu, iyalan suka tafi gida, ya ga toka da guntayen ƙashi a fili iska na taɓawa. Bai iya bari ba. Ya tattara su a farin ƙyalle, ya haƙa rami, ya rufe. Washegari ɗan mamacin, wanda ya tashi a Jibiya yana jin Hausa, ya iso da tukunyar tagulla.

"Yaya Haggai, ina tokar?"

"Ai na rufe shi. Ba a barin mutum a hili."

Saurayin ya zauna a ƙasa daɓas. Da hannu suka tone ramin, suka tankaɗe ƙasar da rariyar Keziah, matar Haggai, har rana ta take. Keziah na nan da ranta, ta ce har gobe ba a biya ta rariyarta ba. Ita ma ta yi nata: ta yanka wa masu makoki zakara, suka dubi kwanon suka yi godiya, ba wanda ya sa hannu, ashe ba sa cin nama. Tun daga ranar shinkafa da wake take dafa musu, ita ce kuma ke soya man shanun da ake zuba wa itacen.

Daga nan Haggai ya koyi aikin daki-daki. Ya san babban ɗa ne ke sa wuta, kuma dole a jira shi ko daga ina zai taso. Ya san a wane ofishi ake karɓar takardar likita da ta izini, a Najeriya da Nijar. Ya san sai wuri ya huce ake kwasar toka, kuma iyali ne ke kwasa.

An yi masa surutu a gari, an kai shi gaban dattawan coci sau biyu. Amsarsa ɗaya ce: "Ba addinina ba ne, gonata ce. Baƙo kuma ba shi zaɓen inda zai mutu." Abokinsa Dalhatu, Musulmi mai sayar da itace a Magama da ke bakin iyaka, shi ke kawo masa marke, yana kuma kiransa Sarkin Wuta. Da aka tambayi Dalhatu nasa ra'ayin, ya ce, "Ni dai itace nika saidawa, ban tambayar tuwon wa za a tuƙa." Ya ƙara da cewa, "Amma ban taɓa kai mishi ɗanye ba."

Malaman nan sun koma ƙasarsu tuni. Saura 'yan kasuwa da masu kantin magani, yawancinsu tsofaffi, 'ya'yansu sun watsu a duniya. A watan Satumban 2023, lokacin da iyakar Najeriya da Nijar ke rufe, mijin wata dattijuwa mai suna Madam Sarla ya rasu a Maraɗi. Ɗansu ya taso daga Kanada ya sauka Kano, ya iso Magama, ya tarar ba shiga ba fita. Gawa na can, mai sa wuta na nan. Haggai ya yini a tsaye tsakanin jami'an wannan ɓangare da jandarmomin wancan, takardu a hannu, bai ɗaga murya ba. Da la'asar aka yarda a miƙo gawar da hannu, mota kada ta ƙetare. Shi da Dalhatu da direbobi biyu suka ɗauko ta a kafaɗa. Madam Sarla ba ta sami shigowa ba. Daga bayan shinge ta ga an wuce da mijinta, Haggai ya juyo ya ce mata, "Uwargida, ki koma gida. Shina hannuna."

Haggai, kai ne ka ba da gefen gonarka ga mutanen da ba ku haɗa harshe ko ɗakin ibada ba. Gatan baƙo ranar da ba shi da kowa. Kai ne ka tsaya a rana don ɗa ya sallami ubansa yadda aka koya masa. Mun gode maka, mun gode wa Keziah. Duk mai baƙo a unguwarsa, ko daga ina ya fito, ya kamata ya tambaye shi tun yana raye yadda ake yi wa nasu idan ta Allah ta kasance.

Madam Sarla na cikin waɗanda suka zo ranar Lahadi. Shekarunta tamanin da ɗaya, ta ƙi bin ɗanta Kanada. Ta ce a gaban kowa, inda aka sallami mijinta nan take so a sallame ta.

"Ni na riga ki tsufa, Uwargida," in ji Haggai.

"Ƙarya kake, na girme ka da shekara goma. Ka nemo wani."

Duk aka dubi Filemon, babban ɗan Haggai, wanda ke gyaran injin ban-ruwa a Jibiya, kuma shi zai gaji gonar. Filemon ya ce ya san yadda ake jera itacen, amma matarsa ba ta so, surukansa ma haka. Ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Har zuwa haɗa wannan rubutu bai ba da amsa ba.