Hannuwan Wani a Hoton Babana

Babana mai zane ne a Zuru. Garinmu garin sojoji ne, to idan soja ya rasu, matarsa takan kawo ɗan hotonsa na fasfo, Baba ya zana shi babba da fenti, a rataye a falo. Abu ɗaya ne da shi: ba ya ƙara wa mamaci muƙami. Igiya biyu ka mutu da ita, igiya biyu zai zana maka, ko da matarka za ta yi birgima a ƙasa. Taurin kai kam, Allah ya ba shi.

Ina sakandare aka buɗe shagon intanet kusa da tasha. Mai shagon ya gano yadda zai sauko da hoton janar na wata ƙasa, ya cire kan, ya ɗora na mamaci. Kafin ka ce me, kofur-kofur ɗinmu da ke kabari duk sun zama janar. Har daga Mahuta mata ke zuwa.

Matar wani saje ta zo karɓar fasfon mijinta da ta bar mana, za ta kai shagon. Baba ya ce, "Uwargida, kakin da za a sa masa fa ba nasa ba ne." Ta ce, "Baba, duk rayuwarsa shi ke sara wa mutane. Bari shi ma a sara masa, ko a bango ne." Baba ya miƙa mata fasfon. Ni dai har yau ban samo amsar maganarta ba.

Fenti ya bushe a gwangwani. Baba ya koma rubuta sunayen shaguna, wannan ma kwamfuta ta ƙwace.

Ina karatu a Sakkwato ya rasu. Na iso na tarar yayyena sun riga sun kai fasfonsa shagon nan. Ga hoton Baba an rataye a ƙofar coci, yana cikin kwat ɗin da bai taɓa sawa ba, ya ɗora hannuwa a kan tebur. Hannuwan na duba. Sumul, farce tas, har da zobe! Babana kuwa shuɗin fenti bai taɓa barin faratansa ba, babban yatsansa ma ya karkace don riƙon buroshi.

Na yi masifa, na yi kuka. Na ce a sauke, a sa na gaskiya. Babban yayana ya ce, "Wanne? Kawo shi." Babu. Mutumin da ya zana rabin mamatan garin, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa hoto daga wuya zuwa ƙasa.

Hoton yana falonmu har yanzu. Jikoki suna nuna wa baƙi zoben kakansu.