Gyaran da maigidana bai ƙarasa ba

Maigidana shi ne mai kula da kwamfuta a wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa a Birnin Kudu. Injin gwajinsu tsoho ne, manhajarsa ba ta tashi a kwamfutocin yanzu, don haka yake kunna ta cikin wata manhaja mai buɗe kwamfuta a cikin kwamfuta. Wannan ɗin ce ta riƙa mutuwa ana tsakiyar aiki. Sati uku yana bin sawu kafin ya gano dalili. Idan kwamfutar ciki ta aiko dogon saƙo, manhajar ba ta auna shi, sai ta rubuta har ta zarce gurbin da aka ware mata a ƙwaƙwalwar na'ura. Ya ce min mugu zai iya bi ta nan ya mallake kwamfutar gaba ɗaya. Ina tankaɗe lokacin, ban saurare shi sosai ba.

Ya rubuta gyara, ya aika wa masu kula da manhajar a ƙasar waje. Ranar Asabar ya hau mashin zai duba ƙanwarsa a Basirka. Mota ta kwashe shi a hanya. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Kwanana tara cikin takaba saƙo ya shigo wayarsa. Ni malamar firamare ce, na karanta Turancin. Wani mutum ne daga cikin masu kula da manhajar yake cewa gyaran ya yi, amma akwai wuri na biyu mai irin wannan ɓarakar, ko zai haɗa ya sake aikowa? Bayan sati ya ƙara tambaya.

Na buɗe kwamfutarsa, na daɗe ina kallon layukan, ban fahimci ko ɗaya ba. Na nuna wa yayansa da ya zo duba mu.

“Ki rufe kawai,” in ji shi. “Addu'a yake buƙata yanzu.”

Na ce, “To, Yaya.” Da ya tafi na rubuta wa mutumin cewa mai wayar ya rasu.

Ya yi min ta'aziyya, ya ce zai ƙarasa da kansa, ya bar sunan maigidana a kai. Ya kuwa cika alkawari. Sai dai a ɗakin gwajin babu wanda ya san yadda ake ɗora sabuwar manhajar, ba su kuma ɗauki kowa a madadin maigidana ba.

Da na fita takaba na je karɓo 'yan kayansa. Na tarar da wata tsohuwa daga Kiyako a benci, riƙe da takardar likita, tun safe ba ta karya ba saboda gwajin. Aka fito aka ce mata kwamfuta ta mutu, ta dawo gobe. Ta ninke takardar, ta tambaye ni inda ake hawa mashin.