Kwalbar da Uwar Shuni Ta Ƙi Miƙawa

Ƙarfe bakwai na safe take shiga ɗakin tiyatar ido, ta wanke hannu, ta jera wa likita kayan aiki a faranti. A gefen dama take ajiye 'yar kwalbar shuni. Shekara ashirin da shida ke nan wannan nas tana haka, har abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Shuni. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Idan yanar ido ta yi fari fat, likita ba ya ganin siririyar fatar da ta lulluɓe ta. Sai an ɗiga shuni na musamman, fatar ta rinu, sannan ya ga inda zai buɗe. Akwai wani shunin mai kama da shi, amma na wasu ayyuka ne. In ya shiga ido, ɓarna yake yi.

Wata Talata aka kwantar da wani tsohon tela, wanda ido ɗaya ya rage masa, shi ma yanar ido ta rufe shi. Likita zai fara aiki ke nan, sai Uwar Shuni ta karanta jikin kwalbar, ta riƙe ta gam.

"Likita, dakata. Wannan ba namu ba ne."

"Daga sito fa aka kawo shi. Mutum goma sha biyu ke jira a waje."

"Ko ɗari ne, ranka ya daɗe. Ba ni da idon da zan ara masa."

Tsoho ya yi magana daga ƙarƙashin ƙyalle: "'Yata, in faɗa za ku yi, ku tashe ni in raba."

Likita ya karanta da kansa, ya cire safar hannu, ya ɗage aikin. Tela ya tafi gida yana mita, ko sallamarta bai amsa ba.

Bayan kwana takwas shunin gaske ya iso, aka yi aikin. Kashegari da aka cire bandeji, tela ya ƙura wa rigar likita ido.

"Wa ya ɗinka maka wannan? Aljihun a karkace yake."

Uwar Shuni, ke ce kika sha harara domin wannan dattijo ya koma kan kekensa, kuma har yau bai san dalilin jinkirin ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Mu da muka saura a bakin aiki, mu koyi cewa "dakata", ko da wanda muke karewa zai yi fushi da mu.