Gawar da Maigidana Ya Nema a Nuzla

Maigidana ko takalminsa ba ya ganewa sai na nuna masa, amma fim ɗaya ya mai da shi ɗan sandan ciki. Wani tsohon fim ne na Amurka, marar kala, da ya sayo faifansa lokacin muna zaune a unguwar Nuzla, can ƙasa mai tsarki. Wai wani ne ya zargi maƙwabcinsa da kashe matarsa, kowa ya ƙaryata shi, ƙarshe zargi ya tabbata. Ni tun a tsakiya barci ya kwashe ni. Shi kuwa har da tafi, yana cewa Turawa sun iya sa ido, mu ba abin da muka iya sai cin shinkafar kabsa.

Kashegari sa ido ya tashi. Maƙwabcinmu wani bawan Allah ne mai wankin motoci a unguwar Aziziyya. Umara suka zo da matarsa suka yi zamansu, ba iƙama, wato takardar izinin zama. Duk benen namu an sani, kowa ya ja bakinsa. To, an kwana biyu ba a ga matar ba, sai ga mijin yana share ɗaki da kansa, har ya fito da wani ƙaton buhu. Halas, shi ke nan, maigidana ya gama shari'a. Namiji da tsintsiya, in ji shi, ai da magana.

Na ce ya je ya tambaye shi mana, ƙofa da ƙofa muke. Ya ce a fim ba a tambayar mai laifi. Na tuna masa mutumin nan ba shi da takarda, in hukuma ta shigo, ƙasar zai bari. Ya ce rai ya fi takarda, ya ɗauki waya.

'Yan sanda suka zo. Buhun, tsummokaran goge mota ne. Matar tana Makka tana jinyar wata tsohuwa, maƙwabta duk suka shaida. Gawa dai babu, sai suka tambayi iƙama. Ina kallo suka sauka da maƙwabcin namu, hannunsa da sauran kumfar sabulu. Wallahi ranar na tsani mijina. Shi kuma gogan cewa ya yi ai ko ba komai an tabbatar tana raye.

Da matar ta dawo, ƙofarmu ta fara ƙwanƙwasawa, ido a kumbure, da jarkar zamzam ta tsaraba. Ba wanda ya gaya mata wa ya kira su. Ta durƙusa gaban maigidana.

"Alhaji, kai ne mai takarda a benen nan. Don Allah ka je ka gano min inda suka kai shi. Ba mu da kowa sai ku."

Ya karɓi jarkar da hannu biyu, ya ce in sha Allahu.