Wayar da Hankici Ya Ƙi Taɓawa

Ba sunan yanka ba ne, amma duk ofishin ba mai kiransa da wani suna sai Hankici, kuma shi ya jawo wa kansa. Farin hankici yake yawo da shi a aljihun gaba, a goge a ninke. Da shi yake kama mariƙin ƙofa, da shi yake share kujera kafin ya zauna. In aka yi rashin sa'a wani ya miƙo masa hannu suka gaisa, kafin mutumin ya gama juya baya hankicin ya fito. Tsafta abu ne mai kyau, ba wanda ya ce a'a. Amma abin da ke damun wannan bawan Allah ya wuce tsafta. Ƙyanƙyami ne, irin wanda ke sa mutum ya ga kowa ƙazami ne ban da shi.

Tun yana ƙarami haka yake. Mahaifiyarsa, wadda yake kira Inna, sharar asibiti take yi, kuma da wannan aikin ta riƙe shi bayan rasuwar ubansa. Ta goge aman wannan, ta kwashe zanen gadon wancan, ta dawo gida hannunta yana warin maganin wanke daɓe, fatar duk ta tsattsage. Wata rana ta ɗebo abinci da hannunta za ta sa masa a baki, ya kalli hannun, ya kau da kai. Ba ta dake shi ba. Tashi ta yi ta ɗauko cokali, ta wanke shi a gabansa, ta miƙa masa. Daga ranar kwanonsa daban, cokalinsa daban, har ya girma ya yi aure ya bar gidan. Shi kuwa a tunaninsa gata aka yi masa.

Da lokacin zaɓar sana'a ya zo, sai ya nemi wadda ba ta ɓata hannu, ya koyi rubuta manhajar waya. A ba shi haƙƙinsa, ya iya. Ya samu aiki a wani ƙaramin ofishi a saman bene, ɗaki guda mai fanka mai kuka, su uku kacal: Oga mai wurin, da shi, da wani abokin aikinsa da ake kira Mai Gyaɗa saboda bakinsa ba ya hutawa da tauna.

A ofishin nan akwai waya guda da suke ce wa wayar gwaji, wadda ake sa wa kowace manhaja a ga yadda take aiki a hannun mutum. Gaskiya ita ce wayar abin ƙyama ce, wannan kam ba za a ga laifin Hankici ba. Fuskarta ta tsage, maiƙo ya bi tsagar ya zauna. Ɓawon gyaɗa ya toshe ramin lasifikarta. Mai Gyaɗa yakan shiga banɗaki da ita ya fito yana dannawa, ya ajiye ta kusa da kwanon abincinsa, ya lashe yatsa ya ci gaba. Ranar da Hankici ya ga haka da idonsa, ya yi wa kansa alkawari ko da hankici ba zai taɓa ta ba.

Kuma ya samu hanya. Manhajar waya ba ta aiki ita kaɗai, sai ta yi magana da sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana ba ta amsa. Yayin da ake cikin gina manhajar, sabar tana zaune ne a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ta mai aikin. A cikin wannan kwamfutar kuma ana iya buɗe wata wayar ta ƙarya, hoton waya ne kawai a kan allo, amma tana yin duk abin da waya ke yi. Ba ta da maiƙo, ba ta zuwa banɗaki. Ita Hankici ya riƙe, kuma komai ya gwada a kanta yana tafiya sumul.

"Ka gwada a wayar gaske?" Oga yakan tambaye shi.

"Komai lafiya lau, Oga," yakan amsa, ba tare da ya ɗago kai ba. In ka duba da kyau, ba tambayar da aka yi masa ya amsa ba.

Aikin da ya fi kowanne girma da ofishin ya taɓa samu na wani kamfanin kwashe shara ne. Manhaja suke so wadda direba zai danna in ya kwashe bolar wani layi, in kuma ya tarar da wadda ta cika ta tumbatsa ya ɗauki hoto ya aika. Mai kamfanin ya gindaya sharaɗi guda: direbobinsa ne za su riƙe abin, don haka in shugabansu ya gwada ya ce ya yi, an saya, in ya ce a'a, magana ta ƙare.

Ana gobe za su je, Oga ya ja Hankici gefe.

"Ka ga, malam, na gaji da ba mutane haƙuri a kanka. Rannan baƙo ya tashi daga kujera ka share a gabansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In aikin nan ya kuɓuce mana ta hannunka, kada ka ma wahalar da kanka hawa benen nan."

Hankici ya ce in sha Allahu ba abin da zai faru. Ga matarsa da tsohon ciki, ga Inna ta tsufa hannunsa take kallo. Ba shi da wani wurin zuwa.

Da safe suka isa garejin motocin shara. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare su, wari mai nauyi, mai zaƙi-zaƙi, irin wanda ke manne wa harshe. Wani baƙin ruwa yana ɗiga daga bayan motoci yana taruwa a ramukan fili, ƙudaje sun yi masa zobe. Hankici ya riƙa ɗaga ƙafa yana zaɓen wurin takawa kamar kaza a cikin ruwan sama. A ƙarƙashin wata rumfar kwano aka sa musu tebur, direbobi suka kewaye su da rigunan aiki, wasu na dariya ƙasa-ƙasa.

Shugabansu dattijo ne mai farin gemu, kowa Baba yake ce masa. Ya miƙo hannu, ƙaton hannu mai kaushi, baƙi ya zauna a ƙarƙashin farce. Hankici ya tuna da kashedin Oga, ya ba shi kan yatsunsa, ya kuma daure bai zaro hankici ba. Sai dai hannun ya bar shi a sake nesa da jikinsa, kamar wanda ya ƙone.

Mai Gyaɗa ya karɓi wayar Baba, ya jona ta da kebul ya sa mata manhajar, ya haɗa ta da kwamfutar Hankici a kan waifai ɗaya. Baba ya gyara tabarau ya danna. Abin ya ɗan juya, sai ga jan rubutu: an ƙi karɓar haɗi. Ya sake dannawa, jan rubutun ya sake fitowa.

"Baba, ta ce ba ta san ka ba," in ji wani direba, aka kwashe da dariya.

Oga bai yi dariya ba. Ya juyo ya kalli Hankici, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ba ka taɓa gwada ta a wayar gaske ba."

Ya nuna masa kwamfutar da hannu, ya ƙara da cewa:

"Ba a fafe gora ranar tafiya, amma yau kai za ka fafe. Mai Gyaɗa, matsa ka ba shi wuri. Shi ya ɓata, shi zai gyara."

Da ya zauna ya duba, bai daɗe ba ya gane. Sabar tasa 'yan cikin gida kawai take saurare. Wayar ƙarya a cikin kwamfutar take zaune, 'yar gida ce, shi ya sa kullum ake buɗe mata. Wayar Baba kuwa baƙuwa ce, daga waje take zuwa, ga shi adireshin da aka ba ta ma ba na ƙofar waje ba ne. Da ya ɗauki wayar gwajin nan sau ɗaya tak, da tun tuni ya ga wannan jan rubutun a ofis, inda ba mai dariya sai Mai Gyaɗa. Ya ji haushin kansa, amma haushin wayar gwajin ya fi yawa.

Gyaran ba wuya. Ya duba lambar da waifai ya ba kwamfutarsa, ya sa ta a manhajar a madadin tsohon adireshin. Ya canja wa sabar umarni ta riƙa sauraron duk wanda ya zo ta waifai. Saura a sake sa manhajar a wayar Baba a danna, kuma a nan gizo ke saƙa, don Oga ya hana Mai Gyaɗa sa hannu.

Wayar tana kan tebur. Roba aka ɗaure bayanta da ita don kada murfin ya faɗi. Gumi ya dusashe fuskarta, a kusurwarta kuma wani abu ruwan ƙasa-ƙasa ya bushe, Allah kaɗai ya san ko mene ne. Ƙuda ya sauka a kai ya tashi. Hankici ya tsaya yana kallon wayar. Ya san idanu na kansa, ya san abin da Oga ya faɗa jiya, amma hali zanen dutse ne. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Ya shimfiɗa farin hankicin, ya naɗe wayar a ciki ya ɗauka, ya sake sa mata manhajar, ya riƙa danna ta da gindin biro.

Dariya ta ɗauke a rumfar, shi bai ma lura ba. Wannan karon jan rubutu bai fito ba, amma amsa ma ba ta zo ba, abin sai juyawa yake. Ya tuna da katangar tsaro ta kwamfutar, wadda ke tare duk baƙon da ba a sanar da ita zuwansa ba. Ya buɗe wa manhajar ƙofa guda a jikinta, ya sake dannawa da biro. Kore ya fito. Ya ɗaga wayar a cikin hankicin ya ɗauki hoton wata bola, nan take hoton ya bayyana a allon kwamfuta.

"Ga shi nan, ta yi," ya ce, yana murmushi. Ya zame wayar daga hankicin ta sauka a gaban Baba. Sannan ya kama hankicin da yatsa biyu, ya waiga, ya jefa shi cikin bayan motar sharar da ke kusa.

Baba ya bi hankicin da kallo har ya faɗa. Ya ɗauki wayarsa ya juya ta a hannu.

"Aikinka ya yi kyau, ɗana, Allah ya yi albarka," ya ce. "Wayar nan da ita nake gaisawa da jikokina. A kunne nake sa ta." Ya juya wajen mai kamfanin. "Ranka ya daɗe, ba ma so."

Oga ya miƙe ya fara ba da haƙuri, ya ce yarinta ce, ya ce ciwo ne.

"Ba fushi na yi ba," in ji Baba. "Amma duk ranar da abin nan ya lalace, shi za ku turo ya gyara. Ba zan sa yarana su riƙa miƙa wa mutum waya yana kallon su kamar abin da suka kwaso ba. Wanda muke sha a titi ya ishe mu."

Mai kamfanin ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai ya riga ya faɗi sharaɗinsa.

An riga an dafa wa baƙi shayi, kuma Baba bai yarda su tafi ba su sha ba. Da kansa ya zuba wa kowa. Da ya zo kan Hankici, sai ya zaɓi kofi guda, ya ɗauko ruwa da sabulu ya wanke shi a gabansa, ciki da waje, ya zuba masa, ya ajiye a ƙarshen tebur nesa da na sauran. Hankici ya kalli fuskar dattijon, sai ya ga ya san ta. Irinta ce Inna ta yi ranar da ta wanke masa cokali, shi kuma duk tsawon shekarun nan yana ɗauka fuskar gata ce. Kunya ta rufe shi, ya ji ƙyamar kansa fiye da ta baƙin ruwan da ke ƙasa.

A bakin ƙofa Oga ya karɓi kwamfutar daga hannunsa, ya shiga mota shi da Mai Gyaɗa, ba su ce ya shigo ba.

Bai iya fuskantar matarsa ba tukuna, sai ya wuce gidan Inna. Ya tarar da ita a tsakar gida, ta sauke abincin rana ke nan. Ta yi murnar ganinsa, ta tambayi mai ciki, ta tambayi aiki, ya ce da godiya. Ta dafa gwiwa ta tashi da ƙyar, ta ɗauko kwanonsa daga inda take kife shi, ta ɗauko tsohon cokalin nan, ta jawo buta za ta wanke a gabansa.

"Inna, bar shi," ya ce. "Yau tare za mu ci, a kwanonki."

Ta tsaya da butar a hannu. Ta dube shi, ta dubi hannuwanta, waɗanda har yanzu tsagar ba ta bar su ba ko da ta daɗe da daina aikin asibiti. Sannan ta zuba ruwan a kan cokalin, ta cuɗa shi, ta ajiye masa a cikin kwanonsa.

"A'a, ɗan nan, ci da abinka," ta ce. "Ni na saba ci ni kaɗai."

Ta ɗauki nata kwanon ta koma can bakin ƙofar ɗaki, inda ta saba zama.